Takobin Gidanmu a Hannun Maƙera: Daga Tasawa Zuwa Mayahi

Asabar, Tasawa

Na sauka a tasha da la'asar sakaliya, hazo ya rufe gari. Maganar takobi ce ta kawo ni. Baffa ya yi mini waya cewa wani dillalin kayan gargajiya ya zo har gida ya taya takobin kakanninmu, kuma 'yan'uwa sun rabu biyu: masu cewa a sayar a raba kuɗin, da masu cewa a bar shi inda yake. Abin da dillalin ya taya bai wuce kuɗin hatsi buhu biyu ba, amma ga mai iyali a shekarar da damina ba ta yi kyau ba, wannan ba abin rainawa ba ne.

Bayan isha'i Baffa ya jawo shi daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon gwado. Miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, in an kafa shi a ƙasa yana kawo mini ƙugu. Bakinsa a zagaye yake, ba shi da tsini. Kwarmi uku sun bi tsakiyarsa, na tsakiya ya fi tsawo, kuma inda suka ƙare akwai tambarin jinjirin wata biyu masu fuska. An lulluɓe ƙotar da fata, an yi mata kan tagulla. Kuben jar fata ne, ya bushe ya tsattsage, hamilar kuwa saura zare kaɗan.

Na ce, "Baffa, wa ya ƙera shi?"

Ya ce, "Ɗana, ko ubanmu bai sani ba."

"To, wa ya fara rataya shi a gidan nan?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "An dai ce kakan kakanka."

Iyakar abin da zuri'a guda ta riƙe game da abin da ya fi komai tsufa a gidanta ke nan. Wannan ya hana ni barci fiye da cinikin dillali.

Lahadi, Tasawa

Yau kasuwa ke ci. Na bi layin maƙera daga wannan kai zuwa wancan: hauya, sungumi, gatari, lauje, wuƙaƙen mahauta, tarkon ɓera, linzamin doki. Ban ga takobi ko ɗaya ba. Wani saurayin maƙeri ya ce mini, "Malam, takobi sai an ba da saƙo. In an yi naɗin sarauta ko salla ta matso, a kan samu mai nema." Ban ga laifinsa ba. Hauya ce ke ciyar da shi, ita ce kuma ke ciyar da mu.

Ta garin nan Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi a watan Janairu na 1851, a lokacin Tasawa na ƙarƙashin Katsinawan Maraɗi, waɗanda suka baro Birnin Katsina bayan 1807. Daga nan ya nufi Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairu. A lissafin da ya yi wa kasuwar Kano ya kintata cewa ruwan takobi kamar 50,000 ke shiga birnin kowace shekara, kusan duk daga Solingen ta ƙasar Jamus. A Kano ake sa musu ƙota da kube, sannan su bazu hannun Buzaye da Hausawa da Filani da Nufawa da Barebari. Ke nan ba mamaki ruwan takobinmu ya ƙetare teku da hamada a bayan raƙumi kafin ya zo gidanmu. Wannan bai rage shi a idona ba. Ƙarfen na wani ne, amma ƙota da kube da hamila, da hannun da ya wasa shi shekara da shekaru har ya sirance daga tsakiya zuwa baki, duk namu ne.

Da dare ɗan ƙanena ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa: maƙerin Japan sanye da fararen kaya, almajirai biyu na dukan jan ƙarfe da masaba. Ya ce, "Baba, ka ga takobin gaske." Na daɗe ina karance-karance a kan takubban Japan, don haka na ba shi abin da na sani. Sunan wannan takobi katana, kaifinsa ɗaya, yana da ɗan lanƙwasa. Ana ninka ƙarfensa a buga, a sake ninkawa, sau goma zuwa goma sha biyar, don a fitar da datti a daidaita ƙarfen. Ninki 15 yana ba da falle 32,768. Amma abin da na fi so yaron ya ji shi ne wannan: in ka cire ƙotar katana, sau da yawa za ka tarar maƙerin ya sassaƙa sunansa da garinsa, wani lokaci har da shekara, a jikin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. Har gobe ana kiran sunan Masamune, wanda ya yi ƙira a Kamakura wajen shekara 700 da suka wuce.

Litinin, Mayahi

Mun bi ta Kanambakashe. Da muka gangara Gulbin Kaba sai goriba ta ko'ina, mata na ɗauke da dammunan kaba zuwa kasuwa.

A gefen kasuwar dabbobi na sami abin da nake nema. Wani maƙerin Buzaye ya shimfiɗa tabarma ya jera takubba sababbi, kubensu ja da kore, tagullarsu na walƙiya. Muka gaisa, na kwance gwado na miƙa masa namu. Bai yi magana ba tukuna. Ya zare shi a hankali, ya ɗaga shi daidai ido ya bi tsawonsa da kallo. Ya kafa bakin a kan wani guntun itace ya danna, takobin ya lanƙwashe, ya sake shi ya koma ya miƙe sak. Ya ɗalle shi da farce ya kara a kunne.

Ya ce, "Aboki, wannan tsoho ne. Nawa ɗin nan da kake gani duk sifirin ɗin mota ne."

Na tambaye shi jinjirin watan nan, ko shi ne shaidar ƙirar Turawa. Ya girgiza kai. Ya ce asalin tambarin daga can ya zo, amma da mutane suka riƙa neman takobi mai wata, maƙeran nan ma sai suka sassaƙa nasu hatimin suna bugawa. Saboda haka wata kaɗai ba ya yanke hukunci; sai an dubi ƙarfen da yadda aka fitar da kwarmin. Ya nuna mini nasa: ko'ina hannu zai taɓa an rufe shi da fata ko tagulla, domin a al'adarsu ba a son fatar mutum ta riƙa haɗuwa da baƙin ƙarfe.

Ya ce in ina son wanda ya san ƙarfen dā, akwai wani dattijo Bahaushe a wani ƙauye a bakin gulbi, wanda ya ga narkar da tama da idonsa. Na kwana a Mayahi.

Talata, wani ƙauye a bakin Gulbin Kaba

Na isa da hantsi a kan kabu-kabu. Maƙerar rumfa ce ta kara, a tsakiya ga uwar maƙera an kafa ta a kututture, ga zugazugi na fatar akuya, jikan tsohon na zaune a bayansu. Saboda sanyi, rumfar ta cika da dattawa masu jin ɗumi. Tsohon ya haura tamanin a ganina, idonsa ya fara raunana, amma hannunsa bai manta komai ba. Da yatsa ya karanta takobin, daga ƙota har baki.

Ya ce, "Yaro, wa ya goge nan da yashi?"

Akwai wani wuri kusa da ƙota da ya yi fari fat, duk zane-zane. Na ce wani daga cikin yaran gida ne ya so ya cire tsatsa.

Ya ce, "Kada a ƙara. Tsatsar da ta yi baƙi ta kwanta, ba ta cin ƙarfe. Ja ce mai ci. A shafa masa mai da tsumma, a bar shi."

Gabana ya faɗi da jin wannan, domin ita ce ƙa'idar farko da masu tara takubban Japan ke koya wa sabon shiga: ba a goge baƙar tsatsar da ke jikin ƙarfen cikin ƙota, don da ita ake gane shekarun takobi, kuma wanda ya goge ta ya zubar da darajarsa. Tsohon nan bai taɓa jin sunan Japan a maganar ƙira ba. Aiki ne ya kai shi inda ya kai su.

Na roƙe shi ya ba ni labarin tama. Ya gyara zama. Ya ce yana yaro, bayan an gama kaka, ubansa da 'yan'uwansa sukan fita daji su yi kwanaki. Wasu na haƙo tama suna farfasa ta, wasu na sarar ƙirya suna ƙona gawayi, domin gawayin ƙirya ne ke riƙe wuta. A gina murhu na yumɓu, a jera gawayi da tama, gawayi da tama, a sa wuta. Ba mai barcin kirki sai an gama. In wuta ta mutu a fasa, a jawo dunƙulen ƙarfe haɗe da kashinsa, a yi ta duka har mai kyau ya rabu da marar kyau. Ya ce da ido da kunne ake gane wanda zai yi wuƙa da wanda sai dai hauya. Na ce me ya kashe aikin? Ya nuna tarin ƙarafan mota da ke gefen rumfa. "Wannan. Wa zai kwana a daji alhali ga ƙarfe a kasuwa?" Ya ce cikin 'ya'yansa da jikokinsa babu wanda ya taɓa ganin an narka tama.

Nan na ba su labarin Japan, dattawa suka matso. Su ma ƙarfen masana'anta ya kashe musu murhun gargajiya, wanda suke kira tatara. Amma a 1977 ƙungiyar kare takubban Japan, wadda aka kafa a 1948, ta sake tayar da guda ɗaya a lardin Shimane, ta nemo tsofaffin da suka san aikin tun suna da sauran ƙarfi ta haɗa su da matasa. Har yanzu kowane hunturu ana gina murhun da yumɓu, a yi kwana uku dare da rana ana zuba baƙin yashi mai ƙarfe kamar tan 10 da gawayi kamar tan 12, sannan a fasa murhun a fitar da dunƙule mai nauyin tan biyu da rabi zuwa uku. Daga cikinsa ake zaɓar ƙarfen da suke kira tamahagane a raba wa maƙeran takobi na ƙasar.

Tsohon ya ce, "Su ma fasawa suke yi?"

Na ce, "Fasawa suke yi, Baba."

Ya ce, "To, ai aikin ɗaya ne."

Kafin magariba ya sa jikansa ya ƙera wuƙa don in gani. Yaron ya datse guntun sifirin da kurfi, ya tura cikin gawayi, wani ya kama zuga. Da ya yi ja ya ɗauko da awartaki, ya shiga bugu yana juyawa, tsohon na cewa "nan", "ya isa", "mayar". Da siffa ta fito aka bi ta da magagari. Sai tsohon ya ce a dakata sai rana ta faɗi, don da hasken rana ido ba ya gane launin wuta. Da duhu ya fara aka mayar da wuƙar, ya sa ido a kanta, ya ce "yanzu", yaron ya tsoma kaifin kaɗai a cikin baƙin mai, ya ɗan jira, sannan ya nutsar da sauran. Na tambayi dalili. Ya ce kaifi ke son tauri; in gadon bayan ma ya yi tauri, ranar da ta haɗu da ƙashi sai ta karye.

Maƙerin Japan ma cikin duhu yake wannan aiki, kuma matsalar da yake warwarewa ita ce wannan. Shi yumɓu yake shafa wa takobin, mai kauri a baya, siriri a kaifi, sannan ya tsoma cikin ruwa. Kaifin ya huce da sauri ya yi tauri, bayan ya huce a hankali ya zauna da laushi. A wannan tsomawar ce lanƙwasar takobin ke ƙara fitowa, kuma iyakar da ke tsakanin taurin da laushin ke barin wani farin zane a jikin kaifi, wanda masana ke dubawa su faɗi gidan ƙirar da takobin ya fito. Ba na cewa aikinmu ya kai nasu kyau. Bai kai ba, kuma faɗin haka ba cin fuska ba ne. Su mutum guda na ƙira, wani na wasawa da duwatsu iri-iri har mako biyu ko fiye, wani na sassaƙa kube, wani na naɗa ƙota, kowa da shekarun koyonsa. Amma sanin ƙarfe da wuta yana nan a rumfar nan, kuma ba a rubuta ko layi ɗaya daga cikinsa ba.

Hukuncin tsohon a kan takobinmu: ruwan na waje ne, ƙotar an sake ta aƙalla sau ɗaya, aikin maƙeran fari ne na ƙasar Hausa.

Laraba, Mayahi

Mura ta kama ni, ban fita ba. Mai masaukina ya kunna rediyo, ana ta shirin kokowar ƙasa. Tun 1975 da aka fara ta a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, abin da jihohi ke fafatawa a kai takobi ne. Duk Nijar ta san sunan wanda ya ɗauke shi kowace shekara. Na tambayi mazauna zauren ko akwai wanda ya san maƙerin da ke ƙera shi. Babu.

Alhamis, Maijirgi

Na ratse nan a hanyar komawa. A wannan yanki ne ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ƙare, bayan sun ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, sun yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, sun yi kisan Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, a Dankori. Ranar 16 sojojinsu suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna nan Maijirgi.

Na tsaya ina tunanin mutanen da suka tari bindigogin nan da takobi da mashi da baka. Daga wannan zamani takobi ya fara tashi daga kayan yaƙi a ƙasar nan, ya koma kayan hawan salla da naɗin sarauta. A Japan ma kusan lokaci ɗaya ne: dokar 1876 ta hana yawo da takobi, maƙera da yawa suka koma ƙera wuƙar girki da kayan noma. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, Amurka ta sa aka tattara takubba aka hana ƙira, da yawa suka salwanta, har da shahararren takobin gidan Tokugawa, ƙirar Masamune, wanda aka miƙa wa 'yan sanda a Tokyo a ƙarshen shekarar, ba a sake ganinsa ba. Sai a 1953 aka sake ba da izinin ƙira, da sharaɗi: koyo na aƙalla shekara biyar a ƙarƙashin mai lasisi, dogon takobi biyu kacal a wata, kuma kowane takobi da takardar rajistarsa.

Mu ma ba mu rasa takubba masu suna ba. Akwai wanda ke fadar Daura da ake dangantawa da Bayajidda, akwai Gajere na Katsina da ake dangantawa da Korau. Sarakuna sun riƙe nasu. Na gidajen talakawa da barade ne ke fita ɗaya bayan ɗaya.

Juma'a, Tasawa

Bayan an sauko daga masallaci muka taru a zauren Baffa. Na faɗi abin da maƙeran biyu suka ce. Wani yayana, wanda ya fi kowa matsa wa a sayar, ya ce, "Ƙane, tarihi ba ya shiga tukunya." Gaskiyarsa ce, kuma na san halin da gidansa ke ciki.

Na ce masa ban ɗauki mai sayen kayan tarihi a matsayin maƙiyi ba. Da yawansu sun fi mu kula da abin da suka saya. Amma mai tara takubba abin da aka sani yake biya. A 2020 birnin Setouchi na Japan ya sayi takobi guda ɗaya, ƙirar yankinsu ta zamanin Kamakura, a kan yen miliyan 500, kuma jama'a ne suka yi karo-karo don ya dawo gida. Sun biya haka ne don an san gidan ƙirarsa da hannayen da ya bi. Namu in ya fita yau, zai fita ba suna ba gari, a rataya shi a bangon wani a ce takobin Buzaye ne daga Sahel, Tasawa ta ɓace daga labarinsa. Na kuma tuna musu cewa Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba laifi ne.

Baffa ne ya yanke. Ya ce mu da ke da albashi mu haɗa abin da dillalin ya taya mu ba masu buƙata, takobin ya zauna. Aka yi fatiha a kan haka. Da yamma na kai kuben wurin baduku, na roƙe shi ya ɗinke inda ya tsage kawai, kada ya sake fatar.

Asabar, Tasawa

Da safe muka zauna da Gwaggo, wadda ta girmi Baffa. Ashe ita ta riƙe abin da maza suka manta: sunan kakan da ya fara rataya shi, da cewa barde ne, da sunan garin da ya auro matarsa. Ba wanda ya taɓa tambayarta. Na rubuta duka da boko, wani almajiri ya kwafe da ajami, muka ƙara tsawon takobin da siffar tambarinsa da abin da maƙera suka faɗa, ɗan ƙanena ya ɗauki hoto ta kowane gefe.

Kai mai karatu, in akwai irinsa a gidanku, kada ka kai shi injin wasa wuƙa, kada ka goge shi da yashi ko takardar goge ƙarfe. Mai kaɗan da tsumma sun isa, a ajiye shi inda ba laima. Ka tambayi tsofaffi mata kafin maza, ka rubuta abin da suka ce a yau ɗin nan. Ga ɗalibanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da ma'aikatan gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai kuwa, roƙona shi ne ku zo ƙauyukan Mayahi da Tasawa da na'urar ɗaukar magana da kyamara, ku sa a gina murhun tama ko sau ɗaya ne a gaban matasan maƙera. Waɗanda suka ga aikin da idonsu tsofaffi ne ƙwarai, kuma wanda na zauna da shi ranar Talata ya ce in an samo masa gawayin ƙirya da masu ƙarfin haƙa, zai nuna.